Jeet Kune Do a Zamanin Faɗan Keji: Tambayoyi da Amsoshi kan Gauraya Salon Faɗa

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Chanis a gidan kallo ya san Bruce Lee, mu dai Burusli muke ce masa, kana fitowa daga kallo ka fara ihu kana shurin iska har sai wani yayanka ya make maka ƙeya. Abin da da yawanmu ba mu sani ba lokacin shi ne mutumin ba fim kaɗai ya bari ba, ya bar wani tunani kan yadda ake koyon faɗa wanda har yau ake ta musu a kansa a wuraren tirenin. Ga tambayoyin da aka fi yi min a kai, na amsa su yadda na fahimta.

Wai mene ne Jeet Kune Do ɗin ma?

Suna ne da Bruce Lee ya raɗa wa tsarinsa a 1967, da yaren mutanen Hong Kong, ma'anarsa kusan a ce hanyar naushin da ke tare hari. Wato maimakon ka tsaya ka kare duka sannan ka rama, kana ganin mutum ya ɗauko motsi ka riga shi, naushinka ko ƙafarka ta tare shi a hanya. Wannan ɓangaren dabara kenan. Ɓangaren falsafa kuma, wanda shi ne ya fi daɗewa yana amfani, shi ne kar ka zama bawan salo ɗaya: ka ɗauki abin da ya yi maka aiki ko daga ina ya fito, ka yar da wanda bai yi ba ko da malaminka ya rantse da shi, sannan ka ƙara abin da ya dace da jikinka kai kanka.

Me ya sa ya bar abin da ya koya tun farko?

An haife shi a San Francisco a 1940, ya girma a Hong Kong, a can ya koyi Wing Chun, wani salon kungfu, a hannun malaminsa Ip Man, ya kuma taɓa boksin har ya ci gasar 'yan makaranta a 1958. Ya koma Amurka a 1959 ya fara koyarwa a Seattle, kuma abin da yake koyarwa a lokacin kusan duk Wing Chun ne da 'yan gyare-gyare.

Abin da ya juya masa tunani faɗan da ya yi ne da wani malamin kungfu mai suna Wong Jack Man a Oakland ƙarshen 1964. Labarin faɗan nan kowa da nasa, matar Bruce ta ce bai wuce minti uku ba kuma mijinta ne ya yi nasara, shi kuma Wong ya ce sun kai minti ashirin ko fiye kuma ba wanda ya kayar da shi. Amma abin da ya biyo baya ba a musu a kai: Bruce ya fito ransa a ɓace, ya ga ya gaji yana haki, ya ga dabarun da ya shekara yana maimaitawa ba su gama masa faɗan da wuri yadda ya zata ba, musamman da abokin karawar ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Daga nan ya shiga gudu, ɗaga ƙarfe, tsallen igiya, karatun littattafan boksin, ya fara zubar da duk wani motsi da ya ga ado ne kawai. Ka ga kenan falsafar ba a kan tabarma aka zauna aka ƙirƙiro ta ba, jiki ne ya gaya masa.

To daga ina da ina ya ɗebo?

Manyan tushe uku ne. Daga Wing Chun ya riƙe tsare tsakiyar jiki da miƙe duka kai tsaye ba kewaye-kewaye. Daga boksin ya ɗauki takun ƙafa, kaucewa da kai, da jera naushi, kuma ya yi ta nazarin bidiyon Muhammad Ali. Na ukun shi ne mutane ke mamaki, wasan takobi na Turawa, wanda yayansa Peter ke yi, a nan ya samo batun auna tazara da lokaci da kuma shi kansa tunanin tare hari. Shi ya sa ma tsayuwar Jeet Kune Do take da hannu mai ƙarfi a gaba, kamar mai riƙe da takobi, saɓanin ɗan boksin da ke ajiye hannunsa mai ƙarfi a baya.

Bayan waɗannan ya yi musayar ilimi da mutane irin su Gene LeBell ɗan judo wanda ya nuna masa kamu da murɗa gaɓa, da Jhoon Rhee malamin taekwondo. Bai ɗauki girman kai ya ce shi ya gama sani ba, duk wanda ya fi shi a wani fanni sai ya manne masa.

Shi ne ya fara wannan haɗe-haɗen?

A'a, ko kusa. Girkawan da suna da wani faɗa da ake kira pankration mai haɗa duka da kokawa, ya shiga wasannin Olamfik tun shekara ta 648 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi kansa judo da muke ganin kamar tsantsa ne, Jigoro Kano (sunansa ne haka, ba Bakano ba ne) ya kafa shi a 1882 ta hanyar tace abin da ya koya a gidajen jujitsu daban-daban, wato tsohon faɗan kamu da murɗa gaɓa na Japan. A Landan wajen 1899 wani Bature Barton-Wright ya haɗa jujitsu da boksin da faɗan sanda ya kira shi Bartitsu. Rashawa sun yi sambo, mutanen Hawaii sun yi Kajukenbo a 1947, a Birazil kuma an daɗe ana faɗan da babu dokoki sosai da suke kira vale tudo.

Abin da Bruce ya fi su da shi murya ce. Ya fito ƙarara ya ce wa malaman gargajiya yawancin abin da suke yi kamar koyon iyo ne a kan tudu, ya rubuta hakan a mujalla, kuma fim ya kai fuskarsa ko'ina a duniya.

Da gaske ne shi ne uban MMA, wato faɗan keji da ake gauraya duka da shuri da kokawa?

Dana White, shugaban UFC, babban kamfanin da ke shirya gasar MMA, ya taɓa kiransa haka, kuma in ka kalli farkon fim ɗinsa Enter the Dragon na 1973 za ka gan shi da Sammo Hung sanye da safar hannu mai buɗaɗɗun yatsu, sun yi duka sun yi kayarwa, faɗan ya ƙare a ƙasa da murɗe hannu, shekara ashirin kafin UFC ta farko. To wannan abin a jinjina ne.

Amma ni dai a ganina kakan tunani ne ba uban wasa ba. Wasan da kansa ta hanyar Birazil da Japan ya zo. A UFC ta farko, ranar 12 ga Nuwamba 1993 a Denver, ba ɗan Jeet Kune Do ne ya ci ba, Royce Gracie ne, siririn ɗan jujitsun Birazil da ya gama da mutum uku a dare ɗaya duk a ƙasa. Na farkonsu ma ɗan boksin ne Art Jimmerson da ya shigo da safar boksin a hannu ɗaya tal kamar ɗan damben gargajiya, bai ko samu damar sauke naushin kirki ba. Abin lura shi ne wannan gasar ba don a nuna amfanin gauraya aka shirya ta ba, dangin Gracie so suke su nuna salonsu ya fi na kowa. Sai da 'yan kokawa suka koyi kare shaƙa, masu duka suka koyi hana a kayar da su, sannan aka wayi gari kowa dole ya iya komai. Wato keji ne ya tilasta wa mutane abin da Bruce ya yi ta faɗa da baki.

To in yanzu kowa na gaurayawa, me kuma ya rage wa falsafar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce. Ni abin da na fahimta, yawan salon da ka haɗa ba shi ne zuciyar maganar ba, gwaji ne. Kowace dabara sai ka gwada ta a kan mutumin da ba ya so ta yi aiki, yana ƙoƙarin dukanka shi ma, ba wanda zai miƙo maka hannu ya sandare yana jiran ka gama motsi bakwai a jikinsa ba. Tun a 1967 a gasar Long Beach Bruce ya nuna gwabzawar gwaji da kayan kariya a jiki ana duka da gaske, lokacin da yawancin gasar karate a Amurka tsayar da duka ake yi kafin ya taɓa jiki.

Kuma har MMA ɗin yanzu tana buƙatar wannan tunanin, don ita ma ta fara zama gargajiya. Ka je jim da yawa za ka tarar da manhaja ɗaya: boksin, Muay Thai na mutanen Tailan, kokawa, jujitsu, shi kenan, duk abin da ba ya cikin huɗun nan a yi masa dariya. An yi ta cewa karate ba ta aiki sai ga Lyoto Machida ya ɗauki kambu da ita a 2009. An raina shurin gaba a fuska sai Anderson Silva ya sumar da Vitor Belfort da shi a 2011. Shurin sha-raɓa kuwa shekarun baya ba wanda ya damu da shi sosai, sai ga Dustin Poirier ya kashe ƙafar Conor McGregor da shi a Janairun 2021, yau ba mai shiga keji bai san yadda ake kare shi ba. Duk lokacin da aka ce an gama gano komai sai wani ya tono abin da aka yar.

Akwai misali a 'yan Afirka da muka sani?

Akwai, kuma wanda na fi so shi ne Francis Ngannou ɗan ƙasar Kamaru, wanda ya taso yana aikin haƙar yashi a Batié. Mutumin nan naushinsa kamar faɗuwar katanga, yana ta sumar da mutane a zagayen farko, har ya haɗu da Stipe Miocic a Janairun 2018. Miocic bai tsaya musayar naushi da shi ba, ya yi ta kayar da shi yana danne shi har zagaye biyar suka ƙare, Ngannou ko ɗaga hannu da ƙyar yake yi. Ya koma ya koyi kokawa, a karo na biyu a Maris 2021 Kamaru Usman ɗan asalin Najeriya na cikin masu tsaya masa a kusurwa, Miocic ya kawo kamu Ngannou ya hana shi, ya sumar da shi a zagaye na biyu. Abin dariyar ma a 2022 da ya haɗu da Ciryl Gane wanda ya fi shi iya taku da tazara, gwiwarsa kuma da rauni, da kokawar nan ya ci faɗan. Abin da aka doke shi da shi jiya shi ya zama makaminsa.

Kamaru Usman haifaffen Auchi kuma akasin haka ne, ɗan kokawa ne tun a sakandare a Amurka, ana ta cewa faɗansa ba daɗin kallo sai dannewa, ya je ya gyara hannunsa har ya sumar da Jorge Masvidal da naushi ɗaya a 2021. Israel Adesanya kuma gwanin duka da shuri ne, amma da ya hau nauyin da ya fi nasa ya kara da Jan Blachowicz, kayarwa da dannewa aka yi masa a zagayen ƙarshe-ƙarshe ya sha kashi.

Ka lura duk ukun nan kowa da gidansa na asali da ya ƙware a kai kafin ya fara ƙari.

Akwai abin da ke cikin Jeet Kune Do da bai yi aiki ba?

Sosai. Tarkon hannu irin na Wing Chun, inda ake danne hannun mutum a bi da duka a jere, yana da kyau a bidiyo amma da wuya ka gan shi yadda ake koyar da shi in ana faɗa da ɗan boksin mai janye hannu da sauri ko ɗan kokawa da zai rungumo ƙugunka. Abin da ya rage daga ciki ɗan ture hannu ne da kama wuyan hannu na daƙiƙa ɗaya. Faɗan ƙasa ma bai yi zurfi ba a abin da Bruce ya bari, ya rasu a 1973 yana da shekara 32 kafin jujitsun Birazil ta bazu a duniya.

Abin da ya tsira kuma ya tsira da kyau: shurin gwiwa da ƙafar gaba don tsayar da mai shigowa, wanda Jon Jones ya yi ta gallaza wa mutane da shi, yaudara kafin hari, sauya kari don a rikita lissafin abokin karawa, da ba wa ƙarfin numfashi muhimmanci.

Wani malami ya ce dabarunsa sun fi ƙarfin gasa, kisa suke yi, shi ya sa ba ya gwadawa. Ya kake gani?

Ka riƙe kuɗinka. Eh gaskiya ne an hana tsokane ido da dukan maraina a keji, kuma Jeet Kune Do na koyar da su, amma wanda bai iya sa naushi ya sami fuskar mutum mai motsi ba ta yaya zai sami idonsa da yatsa? A 2017 a Chengdu wani ɗan MMA Xu Xiaodong ya kara da wani malamin taichi Wei Lei mai da'awar abubuwa da yawa, ko rabin minti ba a yi ba malam yana ƙasa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ni ma na taɓa shan nawa. Ina da shekaru ina zuwa tirenin ɗin shuri, ƙafata tana kai kan mutum, ina ji da kaina sosai, sai wani yaron shagonmu da ya taso yana kokawa a ƙauye ya ce mu gwada da wasa. Ban san lokacin da na ga sama ba wallahi. Sau uku muna tashi yana maimaita min.

Me ya sa ɗalibansa suka rabu gida biyu?

Shi kansa ya hango matsalar, a 1970 ya rufe makarantunsa don ya ga ɗalibai sun fara ɗaukar abin a matsayin sabon salo mai ƙa'idoji da za a haddace. Ya ce sunan kamar kwale-kwale ne, in ka haye ruwa ka bar shi a gaɓa ba ka ɗora shi a ka ba. Littafin da aka fi saninsa da shi ma, Tao of Jeet Kune Do, bayan rasuwarsa aka tattara rubuce-rubucensa aka buga a 1975.

Bayan ya rasu sai wasu, irin su Ted Wong, suka ce a tsaya kan abin da ya koyar da hannunsa, wasu kuma ta layin Dan Inosanto suka ce ai ruhin abin shi ne a ci gaba da bincike, suka shigo da faɗan sanda da wuƙa na Filifin, silat na mutanen Indonesiya, Muay Thai, daga baya har jujitsu. Kowane ɓangare na da hujja, na farko na tsoron abin ya narke ya zama ba komai, na biyu na tsoron ya daskare. Ni na fi karkata ga na biyu, amma na sha ganin masu fakewa da sunan suna koyar da tarkace.

To zan iya buɗe YouTube in haɗa nawa salon?

Za ka iya haɗa dafa-duka, amma ba za ta ciwu ba. Wanda bai iya dafa farar shinkafa ba in ya zuba komai a tukunya ɗaya caɓi zai samu. Mutane na son ɓangaren "yar da abin da ba shi da amfani" su manta cewa kafin ka san abu ba shi da amfani sai ka iya shi tukun, sau tari ba dabarar ce ba ta aiki ba, kai ne ba ka iya ba. Bruce ya yi shekaru a Wing Chun kafin ya fara zubarwa, kuma tirenin yake kamar mahaukaci kullum.

Sannan wahalar ba a cikin kowane salo take ba, a mahaɗarsu take. Tsayuwar boksin tana ba da ƙafar gaba ga mai shuri, tsayuwar Muay Thai a miƙe take tana gayyatar mai kayarwa, sunkuyon ɗan kokawa yana kai fuska wajen gwiwa. James Toney zakaran boksin ne na duniya, ya shiga keji da Randy Couture a 2010, an kamo ƙafarsa tun farkon faɗan, bai fita zagayen farko ba. Waɗannan ramukan bidiyo ba zai nuna maka su ba sai abokin tirenin.

Ina dambenmu da kokawarmu suka shiga a wannan lissafi?

Da ma'aunin gwaji, ɗan dambe da ɗan kokawa sun riga masu bel kala-kala da yawa, don su ba sa iyo a tudu, duk abin da suka iya a gaban ɗan Adam mai ramawa suka koye shi, ga kiɗa ga jama'a ga tsoron kunya. Ɗan dambe ya san tazara, ya san haƙurin jiran dama, ya san zafin duka. Tsayuwarsa ma abin sha'awa ce in ka kwatanta, garkuwa a gaba, hannun da aka naɗe a baya yana jiran kisa, kishiyar tsarin Bruce kenan. Ɗan kokawa kuma, irin waɗanda ke neman takobi a gasar Nijar, ƙugunsa da ƙafarsa kamar an dasa.

Ramukansu ma a fili suke. Ɗan dambe hannu ɗaya ya saba kai hari da shi, kuma da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an kashe ka, a kokawa ma kana kai mutum ƙasa an gama, alhali a MMA nan ne ma wani sabon faɗan ke farawa. Duk ɗan damben da ke sha'awar keji sai ya zauna ya koyi amfani da hannu biyu, da abin da ake yi in baya ya taɓa ƙasa.

Da Bruce Lee zai ci UFC?

Bai taɓa faɗan ƙwararru ba, nauyinsa bai kai kilo 70 ba, kuma wasan ya haura shekara 30 yana gogewa. In ka ɗauko shi yadda yake a 1973 ka jefa keji, ɗan kokawa mai nauyinsa zai ba shi wahala. In kuma a wannan zamanin ya taso, mutum mai irin nacinsa da tuni yana ɗakin jujitsu da farin bel yana tambaya.

Don kare kai a titi fa?

Titi ba rafali, ba tabarmar roba, kuma ba ka san abin da ke aljihun mutum ba ko su nawa ne a bayansa. Tirenin zai ba ka numfashi, natsuwa in an kawo duka, da iya tashi in an kayar da kai, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma in an zaro maka wuƙa don waya, miƙa wayar.

Daga ina zan fara, kuma ya zan gane wurin kirki?

Fara da abin da ke kusa da kai wanda ake gwabzawa a ciki da gaske, boksin ne, judo ne, kokawa ce, taekwondo ce, ka ba shi kamar shekara biyu ba tsalle-tsalle, taura biyu ba ta taunuwa a farkon tafiya. Bayan nan ka nemi kishiyarsa, in duka ka koya ka je wajen masu kamu, in kamu ka koya ka je a koya maka hannu, kuma ka shiga a matsayin sabon shiga ko da kai zakara ne a can gidanku.

Wurin kuma kar ka kalli sunan da ke allo ko yawan hotunan Burusli a bango. Je ka zauna ka kalli tirenin ɗaya. Ana gwabzawar gwaji ko kuwa layi kawai ake yi ana dukan iska? Akwai safar hannu da robar haƙori? Manya na tausaya wa sababbi ko kansu suke fasawa? Wannan na ƙarshen ka kula da shi sosai, dukan kai yana taruwa ne a hankali, wurin da ake sumar da ɗalibai kowane mako ba jarumta ake koyarwa ba. Sannan ka tambayi kocin ko zai damu in ka riƙa zuwa wani wuri ranar Asabar kana koyon kokawa, ka kalli fuskarsa lokacin da yake ba ka amsa.